Wata nawa fatar birkin babur take yi kafin ta ƙare?

Wani bawan Allah da ke zaune a unguwar Yelwa cikin Garwa ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice. Yana da babura biyu ƙirar kamfani ɗaya, kuma a lokaci guda ya saye su. Ɗaya shi yake hawa daga gida zuwa shago, ɗayan kuma ya ba wani matashi yana ɗaukar fasinja yana kawo masa balas kowace yamma. Nasa ya shekara bai canza masa fatar birki ba, amma matashin ba ya wuce wata biyu ko uku sai ya zo ya ce fata ta cinye, a ba shi kuɗin sabuwa. Yana son ya san tsawon lokacin da ya kamata fatar birki ta yi, kuma ko yaron yana yi masa ƙwange ne.

Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Fatar birki ba ta da wa'adi na wata ko na shekara, kuma duk makanikin da ya yanke maka wata kaza ba tare da ya tambayi wanda yake hawa, da hanyar da yake bi, da irin lodin da yake ɗauka ba, to ƙiyasi kawai ya yi maka. Amma tunda lissafi kake nema, zan faɗa maka abin da nake gani a wajen aiki a kan ƙananan baburan da suka cika garuruwanmu, masu inji 100 zuwa 150, irin su Boxer da TVS da Haojue da Sanili. Fatar gaba ta birki mai diski, a hannun mutum mai natsuwa da yake yawan bin kwalta, tana iya kai kilomita 15,000 har ta wuce. Irin wannan fata ɗin a hannun mai kabu-kabu cikin gari, musamman idan mai araha ce, sau da yawa tsakanin kilomita 5,000 da 8,000 take gamawa. Fatar birki mai tambur, wato wanda fatunsa suke ɓoye a cikin cibiyar ƙafa, ta fi jimawa a ƙa'ida saboda ta fi faɗi, sai dai a wajenmu ta baya kan riga ta gaba mutuwa, saboda dalilin da zan zo kansa. Waɗannan adadi ba doka ba ne, abin da ido yake gani ne a gareji.

Yanzu sai mu ɗora su a kan baburanka biyu. A ce kai kana yin kilomita 15 a rana tsakanin gida da shago da masallaci da ɗan zumunci. A shekara guda ba ka kai kilomita 5,500 ba. Shi kuwa yaron, a ce yana yin kilomita 120 a rana, wanda ba abin mamaki ba ne ga mai fita tun asuba ya yini yana kai-kawo tsakanin Jambutu da Rumde Ajiya da babbar kasuwa, ranar Lahadi kuma ya leƙa kasuwar Pitowa. Idan ya yi aiki kwana 26 a wata, ya haura kilomita 3,000. Cikin wata biyu ke nan ya riga ya wuce tafiyar da kake yi a shekara. Saboda haka canza fata bayan wata biyu da rabi, shi kaɗai, ba hujja ba ce cewa ana cutarka.

Ko kilomitan ma ba su ne ainihin ma'aunin ba, kuma wannan shi ne abin da nake so ka fi riƙewa. Aikin birki shi ne ya mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi. Duk lokacin da aka taka shi, fata tana goga ƙarfe, ƙarfen ya yi zafi, wani ɗan siririn sashe na fatar kuma ya koma ƙura ya tafi. Abin da yake cin fata shi ne yawan wannan zafi da aka tara mata, ba nisan da ƙafa ta juya ba. Wanda ya tashi daga Garwa ya nufi Marwa zai yi sama da kilomita 200, amma ba zai taka birki da gaske ba sai a wajen ramuka da shingayen jami'ai da cikin garuruwan da ke kan hanya. Mai kabu-kabu a cikin gari kuwa yana iya tsayawa cak sau da dama a cikin kilomita ɗaya rak: ga fasinja ya ɗaga hannu, ga shataletale, ga mai kura ya gitta, ga akuya. Idan agogon kilomita ya nuna adadi ɗaya ga su biyun, fatunsu ba za su nuna abu ɗaya ba ko kusa.

Abubuwa biyu ne suke yanke yawan zafin kowace tsayawa, nauyi da gudu, kuma ba daidai suke da ƙarfi ba. Nauyi idan ya ninka, zafin ya ninka. Gudu idan ya ninka, zafin sau huɗu yake ƙaruwa. Ɗauki babur mai nauyin kilo 120, da direba mai kilo 70, da fasinja mai kilo 70, jimla kilo 260. Idan suna gudun kilomita 30 a awa aka tsaya, ƙarfin da za a kashe kusan kilojul 9 ne (kilojul ma'auni ne na ƙarfi da zafi). A gudun 50 ya zama kusan kilojul 25, wanda ya isa ya kai ruwan ƙaramin kofin shayi ga tafasa, kuma kusan duka yana sauka ne a kan fatu da ƙarfen da suke gogawa cikin daƙiƙu kaɗan. A gudun 60 ya kai kilojul 36, ninki huɗu na gudun 30. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa yara biyu masu aiki a tasha ɗaya, da babur iri ɗaya, ɗaya zai ci fata ninki biyu na ɗan'uwansa. Wanda yake murɗa totur har bakin mahaɗa sannan ya danne birki yana biyan kuɗi sau biyu, ya ƙona mai don ya yi gudun, sannan ya ƙona fata don ya kashe shi. Wanda yake hango gaba ya saki totur da wuri, ya bar inji ya rage masa rabin gudun kafin ya taɓa birki, shi ne fatarsa take daɗewa. Idan kuma aka haɗa da goyon mutum biyu, ko buhun masara da jarkokin ruwa a baya, lissafin ya ƙara tashi.

Gangara kuma babi ne na daban. Ngaundere tana sama da mita 1,000 daga matakin teku, Garwa kuwa ba ta kai mita 300 ba, kuma wani babban kaso na wannan bambanci ana sauke shi ne a gangaren dutsen nan da ke arewacin Ngaundere a kan babbar hanya. Babur ɗin nan mai kilo 260, idan ya sauko tsawon mita 500 daga sama zuwa ƙasa, ƙarfin da dole a kashe ya kai kamar na tsayawa 50 daga gudun kilomita 50. Iska da gogayyar taya suna ɗaukar wani sashe, amma idan direba ya sa furi, ko ya riƙe kuloci don ya adana mai, saura duka birki ne zai sha, kuma a jere ba tare da ya huta ya huce ba. A irin wannan hali fata ba cinyewa kawai take yi ba, ƙonewa take yi. Ƙaron da ya haɗa ta yana dahuwa, fuskarta ta yi ƙyalli da santsi, sai ka ga mutum yana taka birki iya ƙarfinsa babur yana ci gaba da tafiya. Masu bin hanyoyin Mokolo da sauran duwatsun Mandara sun san wannan warin na fata mai ƙuna. Maganinsa shi ne a sauko da ƙaramar giya, ta biyu ko ta uku gwargwadon tsananin gangaren, a riƙa taɓa birki ana saki.

Mutane da yawa suna ɗora laifi a kan zafin rana, tunda a watannin Maris da Afrilu ma'auni yana haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Njamena. A ganina wannan ƙaramin dalili ne, domin fata tana aiki ne a zafin da ya ninka na rana sau da yawa. Babban abokin gabanta a ƙasarmu shi ne rairayi. Ƙurar hunturu, da jar ƙasar hanyoyin burji, da yashin busassun koramun Marwa da ake ratsawa da rani, duk suna ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu taurin da ya fi na fatar, har ma suna kankare ƙarfe. Idan suka shiga tsakanin fata da diski sai su zama samfefa, su ci wannan su ci wancan. Damina ta fi muni, domin ruwa yana haɗa ƙasar ta zama kwaɓi ya manna ta a wurin. Wanda yake bin baƙar lakar filayen da ke tsakanin Marwa da Kusuri a watan Agusta yana iya gama fatar diski cikin ɗan lokacin da da rani ba za ta ko nuna alama ba.

A nan birki mai tambur yana da ɗan fifiko, tunda a rufe yake, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin da ke ƙera baburan aiki don hanyoyin karkara suke ci gaba da sa shi, baya ga araha. Amma yana da nasa aibin. Abin da ya shiga cikinsa ba ya fita da sauƙi. Idan aka tsallaka ruwa mai zurfi har ya shanye cibiyar ƙafa, laka tana kwanciya a ciki ta yi ta cin fata a ɓoye, kuma birkin ba ya kamawa sai ya bushe. Shi ya sa ake so bayan fita daga ruwa a yi tafiya a hankali ana ɗan matsa birki har ya dawo da kamunsa, kuma a ƙarshen damina a kwance ƙafa a share ciki. Danshi yana kuma shiga tsakanin fatar da gindinta na alminiyam, ya ci wurin, har wata rana fatar ta ɓalle gaba ɗaya alhali da sauran kaurinta. Fatar da ta ɓalle a cikin tambur tana iya cusa kanta ta kulle ƙafa ana cikin tafiya.

Ita kanta fatar iri-iri ce. Akwai mai laushi wadda aka haɗa da zaruruwa da ƙaro, ba ta ƙara, ba ta cin diski sosai, amma tana saurin ƙarewa kuma ba ta jure zafi da ruwa. Akwai mai haɗin garin ƙarfe, wadda take tsaka-tsaki. Akwai kuma wadda aka yi da garin ƙarfe, galibi jan ƙarfe, aka matse aka gasa da wuta mai tsanani har ya haɗe. Wannan ta fi kowace jure laka da zafi da daɗewa, sai dai ta fi tsada kuma ta fi cin diski. A bayan wasu fatun za ka ga haruffa biyu, kamar FF ko GG ko HH. Na farko yana nuna ƙarfin kamu idan fata tana da sanyi, na biyu idan ta yi zafi, kuma H ta fi G kamu, G ta fi F. Waɗannan haruffa ba sa faɗin daɗewa, kamu kawai suke nunawa. Matsalar kasuwanninmu ita ce kwali ɗaya yana iya ɗauke da kaya mai kyau ko jabu, kuma rubutun jikin kwali ba shaida ba ne. Abin da nake duba shi ne gefen fatar, ko ya manne da ƙarfensa ba tsaga, ko yana marmashewa idan aka sa farce, da kuma ko ramuka da kunnuwan sun yi daidai da na tsohuwar ba sai an goge da zarto ba. Fatar da aka saya a rabin kuɗin mai kyau amma ta yi sulusin kwanakin da mai kyau take yi ba araha ba ce, ballantana idan ka haɗa da ladan makaniki da yinin da babur ya rasa.

Duk da haka, idan fata tana ƙarewa da wuri fiye da kima, kafin in zargi kaya ko direba, babur ɗin nake fara dubawa, domin sau da yawa birkin yana aiki ne ba tare da kowa ya taka shi ba. Direbobi da yawa suna son birki mai kamawa da an taɓa, sai su ɗaure notin sandar baya har ba sauran wasa, wato ɗan motsin da abin takawa yake yi kafin birki ya fara kamawa. Littattafan ƙananan babura irin waɗannan yawanci suna ba da wasan milimita 20 zuwa 30 ga abin takawa na baya, da milimita 10 zuwa 20 ga hannun gaba mai waya. Ba a banza aka bar wannan wasa ba. Idan aka ɗora lodi shokazoba ta nutse, tazarar da ke tsakanin abin takawa da ƙafar baya tana ɗan sauyawa, kuma idan babu wasa sandar za ta ja birki da kanta a kowane gargada. Haka kuma duk lokacin da aka ja ƙafar baya don a ɗaure kaca, sandar birki ta ƙara tsauri, kuma dole a sake daidaita ta, abin da yaran gareji suke yawan mantawa. Sai kuma ɗabi'ar ɗora ƙafa a kan abin takawa ana tafiya. Nauyin ƙafa kaɗai ya isa ya sa fata ta yi ta shafar tambur daga safe har dare. Gwajin mai sauƙi ne. Bayan tafiyar minti goma a miƙaƙƙiyar hanya wadda ba a yi ta taka birki ba, a kai bayan hannu kusa da cibiyar ƙafa. Ɗumi ba komai ba ne, amma idan ta yi zafin da ba a iya taɓawa, birki yana jan kansa. A kuma ɗaga babur a kan tsayuwar tsakiya a juya ƙafa da hannu, ya kamata ta juya sakayau.

Ga kuma dalilin da ya sa na ce fatar baya tana riga ta gaba mutuwa a wajenmu. Yawancin masu hawa sun koyi tuƙi ne da tsoron birkin gaba, an ce musu zai kifar da su, don haka da ƙafa kaɗai suke tsayawa. Tsoron yana da tushe a kan yashi da tsakuwa, inda ƙafar gaba take saurin zamewa. Amma a kan kwalta, da zarar an fara tsayawa nauyi yana komawa gaba, kuma birkin gaba shi ne yake da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayar da babur. Mai dogaro da baya kaɗai yana ɗora wa fata ɗaya aikin fatu biyu, yana jan taya a ƙasa tana cinyewa, kuma tsayawarsa ta fi nisa. Na sha kwance babur in tarar da fatar baya ta kai ga ƙarfe, ta gaba kuma kamar jiya aka sa ta, wayarta ma ta yi tsatsa ta kafe saboda rashin amfani.

Game da yaronka kuwa, hanya mafi adalci ita ce ka ce duk lokacin da aka canza fata a kawo maka tsohuwar, kuma ka rubuta abin da agogon kilomita yake nunawa a ranar. Idan wayar agogon ta tsinke, kamar yadda take a kan babura da yawa, gyaranta ya fi zargi araha. Tsohuwar fata tana ba da labarin abin da ya same ta ga wanda ya san dubawa. Ɗora biyun a tafin hannunka ka kalle su ta gefe. Idan dukansu sun siraice daidai da juna, fuskarsu ba ƙyalli, launinsu toka-toka, to aiki ne ya cinye su, kuma yaron ya yi gaskiya. Idan ɗaya ta kai ƙarfe ɗaya kuma da sauran rabinta, gidan birkin diski ne ya kafe a kan sandunan da yake zamewa a kai, ko fistin ɗinsa, wato ƙarfen da yake tura fata kan diski, ya ƙi komawa saboda datti ya taru a bakinsa. Sabuwar fata ma haka za ta ƙare muddin ba a wanke an shafa man da ya dace ba. Idan kan fatar ɗaya ya fi ɗayan kauri kamar an fere ta, sandunan sun cinye ko sun lanƙwashe. Idan fuskar tana ƙyalli, da tsage-tsage, gefenta ya yi fari ko ya marmashe, zafi ne ya yi yawa, ko dai daga jan kai ko daga tuƙin ganganci. Idan akwai zurfafan layuka a jikinta, yashi ne, ko kuma diskin ya riga ya yi kwari-kwari yana cin duk abin da aka sa masa. Idan ta yi baƙi tana maiƙo, mai ne ya zuba mata, galibi daga robar shokazobar gaba da ta fara yoyo, ko giris ɗin boris da aka cika. Idan kuwa aka kawo maka fata lafiyayya mai kauri, ko aka ce an jefar, sai ka san abin da za ka tambaya.

Fatar da ta sha mai ba ta wankuwa, ko da fetur ko da wuta, domin man ya riga ya ratsa cikinta kuma zai sake fitowa da zarar ta yi zafi. Canza ta ake yi, bayan an toshe inda man yake fitowa.

Sanin lokacin canji ba ya buƙatar kwance komai a birki mai diski. Ka haska fitilar waya ta ƙasa ko ta bayan gidan birki, za ka ga diski a tsakiya, da fata a kowane gefe manne da ƙarfenta. Sabuwa tana da kaurin milimita 4 zuwa 5, ban da ƙarfen. Yawancinsu suna da ɗan kwari da aka tsaga a fuska, kuma idan kwarin ya kusa shafewa lokaci ya yi. Kamfanoni suna sa iyaka wajen milimita 1 zuwa 1.5, amma ni ga babur mai aikin haya a kan hanyoyinmu nakan ce a canza a milimita 2. Ka kara tsinken ashana a gefenta, idan ba ta fi shi kauri ba a nemi sabuwa. Dalilina shi ne siririyar fata tana saurin kai zafi ga fistin da man birki, kuma milimitar ƙarshe tana iya tafiya a yini ɗaya na ruwan sama. Wanda ya jira sai ya ji ƙarar ƙarfe da ƙarfe ya riga ya fara cin diski, kuma kuɗin diski ya ninka na fata sau da yawa. Shi ma diskin yana da iyaka, an buga ta a jikinsa bayan haruffan MIN TH, sau da yawa milimita 3 ko 3.5 a kan ƙananan babura. Idan farcenka yana maƙalewa a babban tudu a bakinsa, a auna shi.

Man birkin da ke cikin ɗan tankin kan hannu yana sauka a hankali yayin da fata take cinyewa, saboda fistin yana ƙara fitowa man yana bin sa. Wannan ba yoyo ba ne, alama ce ta a duba fata. Idan aka yi ta cika shi, ranar da aka sa sabuwar fata aka mayar da fistin zai yi ambaliya, kuma yana cin fenti. Man birki irin wanda ake kira DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa wajen digiri 155, kuma idan ya tafasa a gangara hannun birki zai tafi har ƙarshe ba kamu. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, da irin wanda aka rubuta a murfin tankin.

A birki mai tambur ba a ganin fata daga waje, amma babura da yawa suna da ɗan kibiya a kan hannun da sanda ko waya take ja, da wata alama a jikin murfin. Idan aka taka birki sosai kibiyar ta kai ga alamar, fata ta ƙare. Inda babu kibiya, notin daidaitawa yana faɗa: idan an ɗaure shi har ya kusa ƙarshen zarensa kuma birki bai kama ba, a buɗe. Sabuwar fata tana da wajen milimita 4, kuma ba a barin ta ta yi ƙasa da 2. Shi ma tambur yana faɗaɗa da cinyewa, wanda aka ƙera da faɗin milimita 130 yawanci iyakarsa 131 ce.

A wannan mataki ne ake yin dabarun da nake roƙonka kada ka yarda a yi wa baburanka. Wasu suna cire hannun birki su matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu don a sami sabon zare. Wasu suna nannaɗe guntun gwangwani a kan bakin fatun don su ƙara buɗewa. Abin da yake buɗe fatun wani ɗan ƙarfe ne mai fuska biyu da yake juyawa a tsakaninsu, kuma an ƙera shi ne ya juya kaɗan kawai. Idan fata ta siraice aka tilasta masa ya wuce iyakarsa, yana iya tsayawa a gicciye ya ƙi dawowa, ƙafa ta kulle, ko gwangwanin ya zame birki ya tafi gaba ɗaya. Haka ma liƙa wa tsohon gindi sabuwar fata da gam na kasuwa, wanda ba a yi shi don zafin birki ba.

Idan za a sa sabuwa, a canza biyun tare, ba ɗaya ba. Kada a hure ƙurar cikin tambur da baki ko da iskar famfo. An daɗe ana sa asbestos a fatun birki, Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya tun 2005 saboda cutar huhu da sankara da yake jawowa, amma akwai ƙasashen da har yanzu ake aiki da shi, kuma ba a gane shi da ido. Jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar. A shafa giris kaɗan a kan ƙarfen nan mai juyawa da sandunan zamewa, ba tare da ya taɓa fuskar fata ba, a duba sifirin ko sun saki. A birki mai diski, bayan an gama ɗaurawa dole a matsa hannu sau da yawa har ya yi tauri kafin a tayar da inji, domin fistin ɗin da aka mayar ciki ba ya kama komai a matsawar farko, kuma an sha yin karo a bakin gareji saboda wannan. Sabuwar fata kuma ba ta kwanta daidai da ƙarfe ba tukuna, don haka kamunta bai cika ba. A nemi hanya marar cunkoso a yi ta rage gudu daga 40 zuwa 10 da matsakaicin ƙarfi kamar sau goma zuwa ashirin, ana barin tazara tsakani don ta huce, sannan a guji lodi mai nauyi da birkin gaggawa a kilomita 100 zuwa 200 na farko in dai ba dole ba. A birki mai tambur, bayan kwana biyu ko uku na aiki wasan zai ƙaru saboda fatun sun zauna, sai a koma a sake daidaita notin.